Romon Waken Jatau Mahauci

An yi wani mutum a wani gari can da daɗewa, wani bawan Allah ana kiransa Jatau. Mahauci ne, amma ba irin manyan mahautan nan masu kayar da sa ba. Shi nasa hanji ne. Ya wanke hanji tas, ya ɗura masa yankakken nama da kitse da yaji, ya ɗaure bakin, ya rataye a kan hayaƙi har ya bushe. Da wannan yake ci, shi da matarsa Tasalla. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suka tsufa a ɗaki ɗaya.

To, ku saurara. Yana da maƙwabci, Maikano, bafatake. Da Maikano zai yi tafiya kudu a farkon damina, sai ya kawo taikin fata cike da farin wake, bakinsa ɗaure, ya ce, "Malam Jatau, ga wannan ka ajiye mini sai na dawo. Ɗakina yana yoyo."

Jatau ya ce, "Allah Ya dawo da kai lafiya." Ya ɗora taikin a kan duwatsu a kusurwar ɗaki.

Sai marka ta zauna. Kwana tara ana ruwa, a yi kamar za a ɗauke, a sake saukowa. Katangu suna faɗuwa, kasuwa ba ta ci, itace duk ya jiƙe. A cikin wannan sanyi Tasalla ta kwanta. Zazzaɓi da tari, kullum tana ramewa. Akwai ɗan gero a gidan, Jatau yana dama mata kunu, amma ko ta sha ba ya zama.

Ran nan da hantsi ta ce, "Malam, ba abin da raina yake so sai romon wake da hanjin nan naka. Mai kauri, irin wanda nake yi mana in ana ruwa."

Jatau ya leƙa rumbunsa, ba wake. Ya yafa tsumma a ka ya shiga ruwa, gida gida. Wannan ya ce ya shuka, wancan ya ce sun cinye. Ya dawo hannu wofi, jikinsa yana ɗiga.

Tasalla ta dubi kusurwar ɗaki. Ta ce, "Ga na Maikano nan. Ai ba zai hana mu tafin hannu biyu ba."

Jatau ya je ya tsuguna gaban taikin. Jama'a, har ya kama igiyar. Zuciyarsa tana ce masa wa zai sani, taiki guda, in kaka ta yi ka mayar. Ya daɗe a tsugune. Can sai ya saki.

Ya ce, "Da yana nan da na roƙe shi, na kuma san zai ba ni. Amma ba ya nan, Tasalla. Ajiya ya ce, bai ce in ci ba."

Ta juya fuskarta ga bango. Wannan juyawar ta fi masa zagi ciwo.

Sai ya shiga cikin rumbun da kansa, ya durƙusa, ya share ƙasansa da hannu. Ya tsince ƙwaya ƙwaya daga cikin ƙasa da kashin ɓera, har ya tara abin da bai cika tafin hannu ba. Ya wanke, ya jiƙa. Itace ya ƙi kamawa, sai ya ɗauko gungumen da yake sara nama a kai shekara talatin, shi kaɗai ne busasshe a gidan, ya faskara shi ya hura wuta. Ya zuba waken da 'yar kanwa don ya yi laushi. Ya sauko da hanjin da ya rage masa duka, ya yayyanka, ya soya a kitsensa da albasa, ya juye a tukunya. Ya sa daddawa, ya sa citta da barkono. Rufi yana ɗiga, yana kare tukunyar da bayansa. Da waken ya nuna ya murje shi da ludayi ko zai yi kauri, amma ina, waken bai kai ba. Romo ya fito tsararo, hanji yana yawo a ciki.

Ya tallafo Tasalla, ya ba ta. Ta sha ludayi biyu, ta ce, "Ya yi daɗi, Malam. Ruwan ne dai ya ɗan yi yawa." Ta koma ta kwanta. Bayan kwana biyu Allah Ya karɓi abarsa. Sai da aka yi ta kwashe ruwa daga kabari da ƙwarya kafin a sa ta.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Maikano ya dawo ya saka masa da alheri. To ku ji yadda aka yi.

Maikano bai dawo ba sai bayan kaka. Jatau ya jawo taikin, ƙullin yana nan yadda mai shi ya ƙulla. Maikano ya kwance. Da ya zura hannu sai gari, sai ƙwari suna fita ta ko'ina. Sanyin damina ya shige shi, ƙwari sun cinye shi tas, ko ƙwaya ɗaya ba mai moruwa.

Maikano ya karkaɗe hannu, ransa a ɓace, ya ce, "Haba Malam Jatau. Da ka dafa kun ci ma ai da ya fi mini wannan asarar." Bai san abin da ya faru ba, Jatau kuma bai gaya masa ba. Cewa kawai ya yi, "Ka yi haƙuri."

Da Maikano ya fita, Jatau ya zauna a ƙofar ɗaki ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya yi ta tambayar kansa ko ya yi daidai, bai sami mai ba shi amsa ba. Bai yi arziki ba. Bai sake aure ba. Shekara biyu ya ƙara a duniya, ya rasu, mutum bakwai suka raka shi.

Wani zai ce ai lalura ce. Da yunwa ce za ta kashe ta, da hukuncin daban ne, ku tambayi malamanku. Wannan kuwa sha'awa ce ta majinyaci, shi kuma ya ji tsoron Allah a kan abin da ba nasa ba, ya biya da abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa.

Darasin ke nan, 'yan'uwa: amana ba a riƙe ta don a ga riba, ba a riƙe ta don a ji godiya. Ana riƙe ta ne don Allah Yana gani, sakamakonta kuma yana wurinsa, ko da duniya ba ta nuna maka komai ba. Yanzu kowa ya duba kansa. Kai da aka bar wa gonar marayu, kai da aka ba makullin shago, ke da 'yar'uwarki ta bar wa kayanta ta tafi asibiti. Babu mai mutuwa a ɗakinku, babu marka, amma tuni an kwance igiyar. Wanda ya san ya taɓa, ya tashi daga nan ya je ya faɗa wa mai shi tun yau, tun bakinsa yana iya magana. Allah Ya jiƙan Jatau da Tasalla, Ya sa mu cika da amana.