Mai Hanci da Ledar da Ya Ce Ta Ruɓe

Akwai wani mai sayar da turare da duk layin shagunansu ake kira Mai Hanci. Ba don hancinsa ya fi na kowa tsawo ba. Shi ne ya ɗauki kansa wanda Allah ya ba baiwar sansana fiye da sauran bayi. Ka miƙa masa kwalba, zai lumshe ido ya gaya maka abin da aka haɗa da inda aka yi algus. Wata rana ya dace, wata rana ya zuba shirme, amma duk ranar da ya dace sai layin gaba ɗaya ya ji labari.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Abin da ya sa raina ke ƙyamar halinsa shi ne wulaƙanci. Ɗan dako zai shigo masa da kwali yana gumi, tun bawan Allah bai kai ƙofa ba zai fesa turare a inda ya tsaya. Ku gaisa, ya goge hannunsa da hankici a gaban idonka. Maganarsa kullum guda ce: "Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Matarsa malamar firamare ce, mai haƙuri, uwar 'ya'yansa uku. Kowa Malama yake ce mata, har surukarta, wato mahaifiyar Mai Hanci, tsohuwar da suke kira Inna.

Malama ta kamu da ciwon daji na ɓargo. Bayan an sha fama, likita ya ce hanya ɗaya ta rage. Ya tara su a ofishinsa, ita da mijin da Inna, ya yi musu bayani dalla-dalla.

Ya ce za a tace daga jikinta ƙwayoyin da ke haifar da jini, a daskarar da su a ajiye. Sannan a ba ta magani mai ƙarfi da zai ƙone ɓargon gaba ɗaya, mai cutar da mai lafiyar. Daga nan a mayar mata da ƙwayoyinta su sake gina jinin daga farko.

Inna ta ce, "Likita, abu mai rai a sa shi a ƙanƙara, kuma ya tashi?"

Likita ya ce, "Idan aka sa su haka kawai, Inna, ƙanƙarar za ta tsattsaga su kamar allurai. Shi ya sa muke haɗa su da wani sinadari, DMSO, da ke hana hakan. Amma sinadarin yana da nasa sharrin. A cikin sanyi kariya ne. Da zarar an narkar da ledar ta yi ɗumi, sai ya koma guba ga ƙwayoyin, ya fara kashe su. Dole a sa mata nan take, kuma ba a mayar da leda ƙanƙara idan ta narke."

Ya ƙara da cewa, "Kuma ku shirya wa wari. Sinadarin ta numfashi yake fita. Ɗakin zai yi wari kamar tafarnuwar da ta lalace, za ta iya yin amai. Kwana ɗaya ko biyu zai wuce. Warin ba alamar matsala ba ne."

Malama ta ji. Inna ta ji, har ta sa aka maimaita mata. Shi kuwa gogan naku yana jikin taga da waya a kunne, yana faɗa da wani dillali a kan kwalin turaren da ya ce an sirka masa. Da likita ya tambaye shi ko yana da tambaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane. Ai aikinmu ɗaya, ku haɗa, mu haɗa."

Jikin Malama ya riga ya jigata, da ƙyar aka samu ƙwayoyin da za su isa. Leda biyu kacal, kuma likita ya faɗa a fili cewa biyun ake buƙata. Aka ba ta maganin ƙone ɓargo. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, jikinta ya zama ba shi da sojan da zai tare ko mura. Rayuwarta gaba ɗaya tana cikin ledoji biyun nan.

Ranar mayarwa da hantsi aka turo wata tukunyar ƙarfe mai hayaƙin sanyi zuwa ƙofar ɗakin. Aka ciro leda ta farko, aka narkar da ita a ruwan ɗumi, nas ta rataya ta da sauri. Inna na zaune a gefen gado riƙe da roba da yankakken lemo da aka ce Malama ta riƙa shaƙa.

Ba a jima ba warin ya taso.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, warin nan ba na wasa ba ne. Ka haɗa ruɓaɓɓiyar tafarnuwa da kifin da ya kwana a rana, ka rufe ɗaki. Yana fita daga bakinta da gumin jikinta, yana kama labule da zanin gado. Malama ta yunƙura ta kelaya amai, rabi a roba, rabi a hannun Inna. Tsohuwar nan ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Ta goge mata baki da gefen mayafinta tana cewa, "Sannu 'yata. Ai sun gaya mana. Yi ta fitarwa."

Daidai lokacin Mai Hanci ya shigo, a makare, yana ƙamshi kamar an fasa shagonsa a jikinsa, alhali an roƙe shi kada ya sa turare. Ƙamshin ya sake tayar wa matar zuciya. Shi ma ya ja da baya ya toshe hanci da hankici.

Ya ce, "Me ya mutu a ɗakin nan?"

Nas ta ce, "Warin maganin ne, Yallaɓai. Likita ya yi muku bayani."

"Magani? Ni za ki gaya wa wari? Wannan warin ruɓa ne. Abinku ya lalace a firij kuna ɗura wa matata."

Ana cikin haka leda ta farko ta ƙare. An riga an narkar da ta biyu, nas ta karɓo ta za ta rataya. Mai Hanci ya sha gabanta ya fizge ledar, ya ture nas ɗin har hannunta ya bugi ƙarfen gado. Ya kai ledar hanci. Leda ce a liƙe ruf, babu abin da ke fita daga cikinta, amma ya yamutsa fuska ya ce, "Na faɗa. Ta ruɓe."

Nas ta riƙe hannunta tana cewa, "Don girman Allah ka ba ni. Kowane minti ƙwayoyin mutuwa suke yi a hannunka."

Malama ta ɗago kai da ƙyar. "Baban yara, ka ba ta. An gaya mana zai yi wari. Kana wurin."

"Ke yi shiru, ba ki cikin hayyacinki."

Inna ta miƙe, hannunta duk amai. "Kai, ajiye abin nan. Ni na ce ka ajiye."

"Inna, ba ki san mutanen nan ba. Zan kai a gwada mini a waje, yau asirinsu zai tonu."

Kafin a kira likita daga ɗaki na gaba, Mai Hanci ya sauka ta matakala, ya wuce masu gadi ledar na cikin aljihun rigarsa. Aka yi ta kiran wayarsa yana kashewa. Ya jefa ledar a kujerar motarsa da ya bari a rana, ya nufi wajen wani abokinsa mai kemis a can ƙarshen gari.

Mai kemis ya karanta rubutun jikin ledar. Ya ce, "Kai mahaukaci ne? Wa ya gaya maka ana gwada wannan a kemis? Koma da shi yanzu-yanzu."

Ko a nan sai da Mai Hanci ya tsaya musu. Wai abokin ya sansana ya ji da kansa. Sai da mutumin ya kore shi daga shagon sannan ya juya, ya faɗa cunkoson motoci. La'asar ta kusa kafin ya iso asibiti, ledar ta yi zafi kamar an ɗauko ta daga kan murhu.

Aka duba ledar a ɗakin gwaji. Likita ya fito ya same shi a baranda, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ledar nan lafiyarta ƙalau lokacin da ka karɓe ta. Yanzu kusan babu mai rai a ciki. Rabin abin da matarka take buƙata ne ya shiga jikinta. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Kun san me ya ce? Wallahi ina rubutawa raina na tafasa. Cewa ya yi, "To da ma ai haka za ku ce."

Warin ya wuce bayan kwana biyu, kamar yadda aka faɗa. Jinin ne bai dawo ba. Aka mayar da Malama ɗakin keɓewa mai gilashi, aka ce mutum ɗaya kaɗai zai riƙa shiga, da riga da takunkumi. Aka tambaye ta wa take so. Ta ce Inna.

Tsohuwar nan ta tare a asibiti. Ita ce wanka, ita ce canza zani, ita ce tarar amai da gudawa. Kullum da safe a ɗebi jinin Malama a duba ko ɓargon ya farka, kullum amsar ɗaya.

Mai Hanci ya fara zuwa yana tsayawa a bayan gilashi. Da farko yana bai wa masu jinya labarin yadda ya kama asibiti da ha'inci. Da aka daina kula shi ya bar zancen. Daga baya ya daina sa turare, ya riƙa zuwa da riga fes, yana roƙon nas ɗin da ya ture ta bar shi ya shiga. Ta ce ba ita ke hanawa ba, mara lafiyar ce ke zaɓa.

Ana cikin mako na uku zazzaɓi ya rufe Malama. Ƙwayar cutar da jikin mai lafiya zai kashe ba tare da ya sani ba, ita ce ta shiga jininta. Aka yi ta ba ta magani, jikin ba shi da abin da zai taimaki maganin. Da rana tsaka ta cika, kanta a kan cinyar Inna.

Ajali na Allah ne, wannan babu musu. Likita ma bai ce da an sa ledar biyu lallai za ta rayu ba. Amma kowa ya san hannun da ya ɗauke mata rabin damarta.

Inna ta fito ta cire takunkumi. Ɗanta na tsugune a jikin bango. Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Inna, ta yi magana kafin ta tafi?"

"Ta yi."

"Me ta ce?"

"Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce in riƙe su. Ta ce a kai wa 'yan ajinta littattafan da ke cikin jakarta. Ta tambayi nas ɗin nan ko hannunta ya warke."

Ya jira. Inna ta gyara mayafinta za ta wuce.

Ya ce, "Ni fa, Inna?"

Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Ba ta tambaye ka ba."

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka zama masanin komai ba. Idan masu aiki suna yi maka bayani a kan ran wani, ka ajiye waya ka saurara, abin da ba ka gane ba ka tambaya. Kuma mara lafiya ba abin ƙyama ba ne, girman kan da ke sa mutum ya toshe hanci da kunne a gaban nasa shi ne abin ƙyama. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinya a asibiti.