Tsakuwar Inna

Akwai wani mutum a Yelwan Yauri mai suna Idi. A shekarun da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ya samu aikin gadi a wani gandun daji na gwamnati, can gaba da Wara, inda duwatsu suka yi jeri, wani na leƙen kafaɗar wani. Aka ba shi kaki da takalmi, sai tafiyarsa ma ta sake.

Abin da abokan aikinsa ba su sani ba shi ne, a kan dutsen da ya fi kowane tsawo a jerin nan aka haifi uwarsa. Dudu ake ce mata a gida, sai da ta musulunta ta auri wani mai fataucin kifi ta zama Aminatu. Danginta sun daɗe da saukowa gindin dutse, amma duk kaka sukan hau su gaida kufansu.

Gidan su Dudu suna da wata al'ada. Wanda aure ko nema ya kai shi nesa, duk shekara zai aiko da tsakuwa a aza kan wani tari da ke kufan. In an ga tsakuwarka, kana raye, kuma ba ka yar da dangi ba. Su kuma sai su aiko maka da zangarniyar sabuwar dawa. Inna lalle take shafa wa tata, don wanta Tamada ya gane.

Wata tsohuwa ce ke kai mata saƙon. Da ta rasu, sai Inna ta kira ɗanta.

"Idi, tunda Allah ya kai ka can, ungo. Ka aza mini."

"Inna, wannan ai aikin jahiliyya ne."

"Gaisuwa ce, ɗan nan. Ban ce ka yi wa dutse sujada ba."

Ya karɓa ya jefa a aljihu. To amma a wurin aiki, in hira ta yi daɗi, mutanen dutse ake yi wa dariya, kuma dariyar Idi ta fi ta kowa ƙara. Ya ma ce musu uwarsa 'yar Birnin Yauri ce. Yaya zai yi a gan shi yana hawan kufai da jar tsakuwa a hannu? Yana cikin jirgin ruwa zai koma aiki ya saki tsakuwar a tafkin da ake ƙetarewa.

"Ka aza?"

"Na aza, Inna."

Kaka ta wuce, dawa ba ta zo ba. Da wata kakar ta zo Inna ta sake ba shi tsakuwa, ya sake ba ruwa. Haka suka yi ta yi. Duk jirgin da ya tsaya ranar kasuwa, sai Inna ta aika a tambayo ko akwai saƙonta. Daga baya ta bar aikawa. Ta ce, "Tamada ya yi fushi da ni. Ban san mi na yi mishi ba."

Idi yana zaune yana cin tuwonta ta faɗi haka. Ya kora lomarsa da ruwa, bai faɗa mata gaskiya ba. Ku ji mugun shiru!

Da ciwo ya kwantar da ita, ba ta nemi asibiti ba. Bango take fuskanta tana cewa, "Ko gawata ba za su zo gani ba." Nan ne Idi ya kasa jurewa. Ya tuɓe kakin, ya sa rigar gida, ya nufi ƙauyen gindin dutse.

Aka ce masa Tamada ya hau sama. Ya bi hanyar da ya sha wucewa yana kau da kai, yana hawa yana haki, har tafkin ya koma kamar faranti a ƙasa. A kufan ya tarar da wani tsoho zaune gefen tarin tsakuwa.

"Sannu Kawu. Ni ne Idi, ɗan Dudu."

Tamada ya daɗe yana dubansa. "Ɗan marigayiya?"

"Tana da rai, Kawu."

"Yaro, kar ka yi mini wasa. Mun ga shiru, mun ce Dudu ba za ta yar da mu tana numfashi ba. Mun yi makokinta. Ni da kaina na aske kaina."

Idi ya durƙusa ya faɗi komai, har tafkin bai ɓoye ba. Ya so a zage shi, ya so a ɗaga sanda. Tsohon dai ya miƙe ya kakkaɓe zanensa.

"Kai ne mai dariyar nan a bakin hanya in muna wucewa? Na sha cewa wannan mai kakin yana da goshin gidanmu. Tashi, kai ni."

Sun iske ta da sauran numfashi. Tamada ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Dudu." Matar da ta kwana biyu ba ta juya ba ta juyo. Suka riƙe hannu suka shiga magana da harshensu na dutse, suna kuka, suna dariya, harshen da Idi ko gaisuwa bai iya da shi ba. Sau biyu ya ji sunansa a ciki.

Can Inna ta ɗago ta dube shi, duba mai tsawo. Ta ce, "Idi, ba kawunka ruwa."

Abin da ta ce ke nan. Kafin sati ya zagayo ta yafe masa kamar yadda iyaye ke yi, ta cika. Tamada ya koma dutse bai ce ya faɗa mata ba, bai ce bai faɗa ba, Idi kuma bai iya tambaya ba. Har ya yi furfura bai sani ba ko ta tafi da sanin abin da ya yi, ko yafewar da ta yi masa a ƙarshe ta haɗa da wannan.

Darasi: Wanda ya ji kunyar asalin uwarsa don 'yan dariya su karɓe shi, masu dariyar za su watse su bar shi da abin da ya aikata. In tsohonka ya ba ka saƙo, ka kai, ko ka ce ba za ka kai ba, amma kar ka ce ka kai. Ku tura wa 'ya'yanku wannan tun iyayensu na da bakin yafe musu.