Ranar da Shamuwa Ta Rasa Reshe

— Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho a gajiye.

— Ta zo mu ji ta, mu shimfiɗa mata tabarma.

To, ku matsa kaɗan, zafin nan ya ishe ni ba sai kun ƙara mini da naku ba. Wanda ke kusa da mafici ya miƙo.

Shamuwa ce. Kun san ta, ko ba ku sani ba? Ina za ku san ta, yaran birni. Baƙar tsuntsuwa ce mai dogayen ƙafafu, mai farin ciki. Farin cikin na gashi nake nufi, don ranar da nake ba ku labari ba ta da na zuciya. Ita ce ke shigo wa gari da damina. Tana gaba, Hadari na biye da ita. Inda ta sauka ta yi sheƙa, nan yake sauke ruwansa.

Wata shekara ta karye a fiffike can kudu, ta daɗe tana jinya. Da ta warke sai ta kamo hanyar garinsu, ga tsufa, ga ƙwai a ciki. Hadari ya ce, "Shamuwa, kayana da nauyi. In kin sauka in sauke. In ba ki sauka ba, gaba zan yi."

Ta ce, "Garin uwata ne. Rimi na nan, durumi na nan, tsamiya na nan. Ka biyo ni kawai."

Ashe bayanta an yi abu. Akwai Jangwada, ƙadangaren katanga. A lokacin kansa toka-toka ne kamar sauran jikinsa. Shi ba ya son bishiya, don a kanta shaho ke laɓewa. Ba ya son ruwa, don yana hana shi shan hantsi. Shi dai a ba shi katanga da rana. Sai ya bi gida-gida yana gyaɗa kai yana ba da shawara, mutane kuwa suka ɗauka.

Shamuwa ta iso sararin gari ba ta gane komai ba, duk kwano ne yake ƙyalli. Sai ta ji mai mota yana kiran fasinja, "Gindin Rimi, Gindin Rimi, saura mutum ɗaya." Ranta ya yi sanyi, ta bi motar. Mota ta tsaya, mutane suka sauka. Ta duba gabas, ta duba yamma, babu rimi. Sai ta yi waƙa. Ni zan yi, ku amsa mini da "sai suna."

Na baro kudu, na taho gida,
Ƙwai a ciki, ruwa a baya,
Ina reshen da uwata ta kwana?

— Sai suna, Shamuwa, sai suna.

Jangwada ya leƙo daga kan katanga. "A'a, Hajiya Shamuwa, sannu da hanya. Me ake nema?"

"Gindin Rimi."

"Ai kina kansa."

"To ina rimin?"

"Saiwarsa na fasa wa mutane gini. Ni na ce a kawar da shi. Amma ga falwaya nan, doguwa, ba ta zubar da ganye. Ki gwada."

Shamuwa ta ɗora ƙafa a kan wayar, wuta ta fizge ta. Ta tashi tana rangaji. Hadari ya yi gyaran murya daga baya, ya ce, "Na fa gaji."

Ta ce, "Yi haƙuri, akwai durumi."

Ta ji wani mai mota yana cewa, "Bakin Durumi, Bakin Durumi." Ta bi shi. Nan ne dā dattawa ke shimfiɗa buzu su yi hira har la'asar. Ta tarar da shaguna a jere, kowa na fifita da kwali.

Na baro kudu, na taho gida,
Ƙwai a ciki, ruwa a baya,
Ina reshen da uwata ta kwana?

— Sai suna, Shamuwa, sai suna.

Jangwada ya riga ta isowa, ta kan katanga ya bi. Ya ce, "Hajiya, durumi ya tare wuri. Shago nawa kika gani a gurbinsa? Ga rufin kwano, shimfiɗaɗɗe, ki sauka ki huta."

Ta sauka, kwano ya soya mata tafin ƙafa. Ta tashi ba ta ko iya kuka ba. Hadari ya ce, "Shamuwa, saura sau ɗaya."

Ta nufi 'Yar Tsamiya. Wannan karon ba ta jira mai mota ba, don a kan tsamiyar nan aka ƙyanƙyashe ta. Ta tarar da kututture, an ɗora masa tiren mai goro. Waƙar ma da ƙyar ta fito.

Ina reshen da uwata ta kwana?

— Sai suna, Shamuwa, sai suna.

Jangwada ya ce, "Wannan kam aljanu ne a cikinta, kowa ya sani. Ga ƙarfen sabis na waya can, ya fi kowace bishiya tsawo."

Ta kai karan sheƙa ɗaya, ya zame. Ta kai na biyu, ya zame. Ta kai na uku, iska ta yi gaba da shi. Fiffiken da ya taɓa karyewa ya fara yi mata zugi, ga ƙwai ya sauko. Hadari ya juya fuska, ya fara naɗe kayansa.

Tana cikin gangarowa, ta rasa inda za ta faɗi, sai ta hangi ɗan kore a bayan wani gida. Gidan Iya Tasalla ne, tsohuwa mai kunun tsamiya. Dā a gindin tsamiyar nan take ajiye tukunyarta. Ranar da aka sare ta, ta je wurin. Ta tsinci ƙwallo ɗaya ta ƙulle a bakin zane, ta binne a 'yar garkarta, kusa da inda take zubar da ruwan alwala. Ya tsiro. Ta kife masa tsohon kwando saboda awaki.

Shamuwa ta ce, "Iya, bishiya nake nema."

Iya Tasalla ta ɗaga kwando. "Ga iyakar abin da nake da shi, 'yar nan."

Shamuwa ta dubi tsiron, bai kai gwiwarta ba. Ta ce, "Iya, ko fara ta hau wannan sai ya ranƙwafa. Yaushe zai ɗauke ni?"

"Ba bana ba. Ba baɗi ba. Ni ma ba zan sha inuwarsa ba."

"To ni yau nake da ƙwai."

Tsohuwa ta dubi kwandon. Can sai ta naɗa gammo, ta juya kwandon ta zuba masa tsumma, ta ɗora a ka. Ta zauna kusa da tsiron ta miƙe wuya. Ta ce, "Kan nan ya ɗauki tukunyar kunu tun ina budurwa. Sauko. Bana ni ce tsamiya."

Shamuwa ta sauka. Ta saki ƙwanta a cikin kwando, ta yi ajiyar zuciya.

Jangwada ya biyo don ya ga faɗuwar ƙwai. Rana ta take, katanga ta yi zafin da bai taɓa ji ba. Ya gudu nan, ba inuwa. Ya gudu can, ba inuwa, duk shi ya sa aka sare. Ya faɗo garka yana haki. "Iya, a taimaka mini da inuwa."

Ta ce, "Ba ni da ikon juya wuya. Ga tsiro nan, abin da ya samu naka ne."

Ya kutsa ƙarƙashinsa. Inuwar ta rufe jikinsa, ba ta kai kansa ba. Kafin Hadari ya gama juyowa, rana ta gasa kan ya yi ja wur. Sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Kada ku tambaye ni yadda Iya ta yi barci da kwando a ka, tatsuniya ce. Abin da na sani, wuyanta ya gaji. Maƙwabta sun sha ruwa, kunya ta kama su, suka zo karɓarta. Mai shago ya ɗauka, kafin azahar ya ce wuyansa. Mai goro ya ɗauka, ya ce bayansa. Mai mota ya ɗauka, ya ce, "Iya, ashe aikin da bishiya ke yi mana ke nan, ba ta taɓa cewa ta gaji ba?" Kowa ya sauke kwandon sai ya roƙi iri, ya je ya tona rami a bayan ɗakinsa. Abin da kunne ya ƙi ji, wuya ya ji.

'Ya'ya suka yi fiffike, kaka ta yi, Shamuwa ta koma kudu. Ba ta sake dawowa ba, tsufa ya riƙe ta a can. Iya Tasalla ma ta riga mu gidan gaskiya, tsamiyarta ba ta wuce tsayin katanga ba.

Shekaru suka tafi. Wata bazara sai ga wata 'yar shamuwa, jikar waccan, Hadari na biye da ita. Ta zagaya gari tana waƙar da ta gada. Wannan karon ku ce "ga reshe."

Na baro kudu, na taho gida,
Ƙwai a ciki, ruwa a baya,
Ina Iyar da kakata ta kwana a kanta?

— Ga reshe, Shamuwa, ga reshe.

Ta sauka a kan tsamiyar. Ba ta tarar da Iya ba, amma reshen bai ranƙwafa ba.

Shi ya sa har gobe kan jangwada yake ja, yana ta gyaɗa shi a kan katanga yana leƙen inuwa. Sare bishiya aikin hantsi ne, inuwa kuwa sai jika.

Ɗan mangwaron nan na bayan ɗakina, na ga wanda ya karye masa reshe jiya, ban dai yi magana ba. Ni ba zan zauna a ƙarƙashinsa ba, na sani. Da safe kowa ya ɗauki gwangwani ya ba shi ruwa, bayana ya daina yarda da bokiti.

Ƙurunƙus, kan jangwada. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya saƙa ta.