Fasfo Ɗaya Babu Mai Shi

A bakin kasuwa akwai wani mai gyaran agogo da ake kira Yanzu-yanzu. Mutumin kirki ne, sai dai Allah bai ba shi haƙurin jira ba. Ko shayi aka zuba masa sai ya ƙona harshe. Yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ta sha ce masa, "Kai dai gaggawar nan wata rana za ta kai ka ta baro."

Yayar tana aure a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu. Wata safiya mijinta ya kira shi ya ce tana asibiti, za a yi mata aiki da ƙarfe huɗu, kuma an rasa irin jininta sai nasa. Nan take ya rufe shago ya hau bas.

Ƙarfe goma suka iso kan iyaka. Direba ya bi kujera-kujera ya karɓi fasfon kowa, ya ce, "Jama'a, jami'i zai zo ya kira suna ya ga fuska. Don Allah kada wanda ya sauka."

Aka kashe inji. Tagogin ba sa buɗuwa, gumi ya jiƙe kowa, wani jariri yana ta tsala kuka. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama hanya. Tsohuwar da ke kusa da shi ta ce, "Ɗan nan, ka bar kallon agogon nan haka, ba shi zai buga mana hatimi ba."

Bai kula ta ba. Ƙofa biyu ake wucewa a kan iyakar, idonsa kuwa na can bayan ƙofa ta biyu, inda ƙananan motoci ke lodi. Daga can zuwa asibitin tafiyar awa biyu ce kacal. Ya ce a ransa fasfo ai sai ya karɓa a tasha daga baya. Ya ce zai zaga bayan gida, ya raɓe jikin wata tirela ya wuce ƙofar farko.

A ƙofa ta biyu jami'i ya tare shi. "Malam, takardunka?"

"Suna hannun direba, ranka ya daɗe."

"To koma ka kawo."

Da ya koma, mai gadin ƙofar farko ya ce, "Kai kuma ta ina ka fita?" Aka karɓe wayarsa, aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai benci ɗaya da taga mai ƙarafa.

Ta tagar ya hango jami'i yana hawa bas ɗinsu da damin fasfo, minti goma sha biyar kawai bayan saukarsa. Aka kira kowa ya amsa, fasfo ɗaya ya rage babu mai shi. Saboda haka aka janye bas gefe, aka sauke kaya kaf ana bincike. Motocin da ke bayansu suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, amsar ɗaya ce: sai shugaban jami'an ya dawo. Yana kallon agogonsa ƙarfe huɗu ta buga, ya zauna a kan bencin ya fashe da kuka.

Sai bayan biyar aka sake shi. Da ya shiga bas direba ya dube shi ya ce, "Da ka zauna, da tun azahar kana asibiti."

Yana kunna waya kiran mijin yayarsa ya shigo. Ya ɗauka ya ce, "Yaya, ga ni nan, mun taso yanzu-yanzu!"

Mijin ya ce, "Ku taho a hankali, ƙanena. Babu sauran abin sauri, sai dai haƙuri."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, jira yana da ɗaci, amma tsallake ƙa'ida don gudun jira yakan jawo jinkirin da ya fi shi tsawo. Kuma mai gaggawa ba kansa kaɗai yake cutarwa ba, har da waɗanda ke tare da shi da wanda ke can yana jiransa. Idan aka ce ka zauna a kira sunanka, ka daure ka zauna.