Mai Tattake Albasar Maƙwabci

Akwai wani mutum mai ɗan lambu a bayan gidansa, danga ɗaya ce ta raba shi da lambun maƙwabcinsa. Dukansu albasa da tafarnuwa suke shukawa, rijiya ɗaya suke ɗiba. Amma kowace shekara, ranar godiyar girbi a coci, maƙwabcin yakan kawo albasa kamar dunƙulen hannu, shi kuwa tasa kamar ƙwan zabo. Mata su leƙa kwandonsa, su kau da kai suna danne dariya.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka tambaye shi yadda yake yi mana."

Ya ce, "Ni? In tambayi wanda na girma da shekara uku? Allah ya sawwaƙe!"

Sai ya ƙara taki, ya ƙara ruwa safe da yamma, ganyensa ya miƙe kore shar. Amma in ya leƙa ta danga, sai ya ga albasar wancan har tana tsaga ƙasa.

Wata rana maƙwabcin ya tafi gaisuwar rasuwa wani ƙauye. Da tsakar rana mutumin nan ya tsallake danga, ya bi albasar yana tattakewa, yana cewa, "Bana sai mu gani!" Bai bar ganye ɗaya a tsaye ba.

Washegari aka yi sallama, ya laɓe bayan rumbu. Matarsa ta ce, "Fito, Maigida. Sawunka na can kaca-kaca, kowa ya san karkataccen yatsan nan naka."

Yana fitowa maƙwabcin ya rungume shi. "Yaya, Allah ya yi maka albarka! Kwana uku bayana ya riƙe, ina tunanin wa zai kwantar mini da ganyen nan. In albasa ta ƙosa ai sai a kwantar da ganye, a yanke mata ruwa, wuyanta ya bushe, ba ta ruɓewa. Ashe ka sani! To taka fa? Na ga har jiya kana ba ta ruwa."

Ya ce, "Ai... da taka na fara."

Da maƙwabcin ya tafi, mutumin nan ya ruga lambunsa ya tumɓuke guda ɗaya. Ta ruɓe, sai wari. Ya tumɓuke ta biyu, haka.

Ranar godiya maƙwabcin ya tashi gaban jama'a ya ba da shaida, ya ce kowa ya roƙi Ubangiji maƙwabci irin nasa. Aka yi ta tafi. Mutumin nan yana zaune ba kwando, yana murmushin wanda ya tauna barkono.

To 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Lambun shi ne abin da Allah ya danƙa a hannunka, gidanka, aikinka, baiwarka. Dangar kuwa ba a yi ta don leƙe ba. Hassada tana da ƙafa, amma ba ta da baki. Takan tsallake danga ta yi ɓarna, ba ta iya buɗe baki ta ce, "Ɗan'uwa, koya mini." Wanda Ubangiji ya sa wa albarka, ko ka taka shi, aiki ka yi masa kyauta, naka kuwa yana can yana ruɓewa.

Saboda haka in ka ga na ɗan'uwanka ya fi naka, kada ka tsallake danga. Zagaya ta ƙofa, ka yi sallama.