Masuncin da Ya Ƙi Rage Idon Raga

Akwai wani masunci a wani gari na bakin gulbi. Ubansa ya rasu ya bar musu gurbi biyu, shi da ƙanensa, kowa da nasa. Gurbi shi ne wuri mai zurfi inda ruwa yake kwanciya in gulbi ya ja baya da rani, nan kifi yake taruwa. Na babban yana gindin wata tsohuwar giyayya, na ƙaramin yana ƙasa da shi kaɗan. Da kifin wuraren nan uban ya ciyar da su har suka girma.

A garin kuwa akwai doka tun ta kakanni. Gurbin da mai shi ya daina jefa raga a ciki ya tashi daga nasa, Sarkin ruwa zai ba duk wanda ya roƙa.

Ana nan, ana nan, sai kifi ya fara ja baya. Ragar da uban ya bari mai faɗin ido ce, yatsa huɗu suna shiga, babban kifi kawai take riƙewa. Da can jifa kaɗan kwando ya cika. Yanzu sai mutum ya wuni yana jifa, abin da zai kai gida bai rufe gindin kwando ba.

Wata rana ƙanen ya zo da sabuwar raga mai ƙananan ido, yatsa biyu da ƙyar. Ya ce, "Yaya, ara ka gwada. Kifi yana nan, ragar Baba ce ta tsufa da wauta."

Masuncin ya karɓa ya gwada, kafin rana ta take kwando ya cika har yana zuba. Ya kai wa matarsa, gama ita ce mai banda. Ta hura wuta, ta shimfiɗa kifin a kan waya. Jim kaɗan ta kira shi.

"Maigida, zo ka gani."

Ya zo ya tarar kifin yana zurarewa ta ramukan waya yana faɗawa cikin wuta.

Ta ce, "Tarwaɗar gurbin nan da hannu biyu nake lanƙwasa ta kafin in soke. Wannan kifi ne ko gyaɗa?"

Masuncin ya wanke ragar, ya shanya, ya mayar wa mai ita.

Ƙanen ya ce, "Kwando dai ya cika, Yaya. Ciki bai san yatsa ba."

Masuncin ya ce, "Waɗannan 'ya'ya ne. In na cinye su bana, wa zai haifa mini na baɗi?"

Daga ranar ga abin da ya riƙa yi. Da sassafe sai ya tuƙa kwalekwalensa zuwa gindin giyayya, ya jefa ragar ubansa sau ɗaya tak, domin kada gurbin ya fita hannunsa. Ko ta kamo ko ba ta kamo ba, sai ya naɗe, ya juya ya nufi sama, inda ba wanda yake zuwa kamun kifi. Yana tafe yana soka gora a ruwa yana auna zurfi. Yana duban inda zalɓe yake tsayawa. Wani wurin ya tarar da laka zalla. Wani wurin ruwan ya yi kyau, sai dorina ta ɗago kai, ya ja da baya. Wani wurin ya wuni ya samo 'yan ƙurungu da ba su isa miya ba.

Masunta suka samu abin dariya. Ga kifi yana tsalle a gurbinsa, shi kuwa ya tafi neman wanda bai gani ba. Ƙanen kan biyo ta ƙofar gidan da kwandonsa a kai, ya ɗaga murya, "Matar Yaya, yau ma azumi kuke? In ɗebar miki?"

Ita kuwa takan ce, "Kai wa kajinka, su ne masu cin tsaba."

A waje ke nan. A ɗaka kuwa ba ta raga wa mijin ba. Ta ce masa gidan masunci ne ake miyar kuka da daddawa tsura, yara suna leƙen tukunyar maƙwabta. Ta ce, "Ni na nuna maka, ban ce ka kashe mu da yunwa ba." Ya ce ta ƙara haƙuri. Ta ƙara, tana mita. Amma kowace yamma sai ta hura wutar banda, hayaƙi ya tashi, ko da ba kome a kan waya, don kada wata ta ce gidanta ya mutu. Ban ce ta yi daidai ba. Amma ni da na riƙe gida ni kaɗai tun rasuwar maigidana, na gane ta sarai.

Can tsakiyar rani gurbin ƙanen ya fara gajiya. Ya rage ido zuwa yatsa ɗaya. Da wannan ma ta daina kamawa, ya kwance gidan sauronsa ya shiga ruwa da shi. Sa'an nan idonsa ya faɗa kan gurbin wansa, inda ƙananan kifi suka yi baƙi. Ya tafi wurin Sarkin ruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, Yayana ya yar da gurbin Baba. Kafin bare ya roƙa, ni ɗan gida na roƙa."

Sarkin ruwa ya ce, "Ƙofata tana duban giyayyar nan. Kullum da safe ina ganinsa yana jifa."

"Sau ɗaya fa, ranka ya daɗe."

"Kakanni cewa suka yi a jefa. Ba su ce sau nawa ba. Tashi ka tafi."

Labari ya kai kunnen masuncin. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, gama uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma bai je ya yi faɗa ba. Washegari ya yi jifansa ɗaya ya wuce.

Gab da faɗuwar ruwan fari ya lura da wani ɗan siririn ruwa yana fitowa daga cikin ciyawa mai tsayi, mai sanyi, ba irin na gulbi ba. Kwalekwale ba ya shiga. Ya sauka ya ja shi da hannu, ciyawa tana yankar ƙafafunsa, laka har gwiwa. Da ya ɓullo ta bayan ciyawar sai ga tafki shimfiɗe, ba alamar an taɓa jefa raga a ciki. Ya jefa. Da ƙyar ya jawo. Ranar hayaƙin gidansa da ƙanshi ya tashi.

To, abin da ya sa nake yabon mutumin nan shi ne, bai tare a tafkin ba. In ya kama abin da zai ishe gida da kasuwa sai ya naɗe raga, ya bi wani lungu yana soka gorarsa. Jifan safe kuma bai fasa ba.

Damina ta zo ta wuce, gulbi ya cika ya sake ja baya. Ƙanen ya koma gurbinsa, bai tarar da kome ba sai kwaɗi. Masuncin ya je gindin giyayya ya yi jifansa na kullum, sai raga ta ƙi tasowa. 'Ya'yan da ya bari sun zama iyaye.

Da yamma ƙanen ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, na yi kuskure. Gidana ba abinci. Nuna mini hanyar tafkin."

Masuncin ya buɗe baki zai ce to, matar ta riga shi.

"Hanya ba kyauta ba ce, ɗan'uwan miji."

"Matar Yaya, ba ni da ko anini."

"Wa ya tambaye ka kuɗi? Ragunan nan za ka kawo."

"In kawo mai yatsa ɗaya, in riƙe mai biyu."

"Duka."

"Sabuwa ce fa."

"Sabuwa nake so, za ta fi tare mini kaji daga lambu. Gidan sauron kuma ka wanke ka mayar kan gado, yaranka duk sun yi ƙuraje."

Ya dubi wansa ko zai sa baki. Wan ya ce, "Ka ji farashi. Ni ma ban taɓa cin ta a ciniki ba."

Ƙanen ya tafi ya kwaso su duka. Ta dudduba ta tabbata bai rage ko ɗaya ba, sa'an nan ta zuba masa tuwo da kan tarwaɗa, ta cika kwano aka kai wa iyalinsa. Da safe kwalekwale biyu suka tsaya a gurbin ƙanen, aka yi jifa ɗaya da ragar uba, suka nufi sama.

Yanzu ku kasa kunne ku ji ma'anar wannan misali, gama ba don kifi na faɗa ba.

Gurbin nan shi ne duk inda Allah ya saba ciyar da kai: gidanku, sana'arka, ikkilisiyar da ta rene ka, mutumin da ba ya hana ka in ka roƙa. Raga mai ƙananan ido ita ce tsoron kwana da kwando wofi, tsoron da yake sa mutum ya matse wuri ɗaya har ya kashe shi. Cikar kwando takan yi ƙarya. Ni mai banda ce, kun san ni a kasuwa, ba na sayen kwando sai na sa hannu har gindi.

Mu dubi kanmu a nan cikin ikkilisiya. Shara, mata kaɗan ɗin nan ne. Girkin baƙi, su ne. Gaida marasa lafiya, su ne dai. Da suka gaji muka koma kan 'ya'yansu, muna cewa aiki yana tafiya. Ga ƙauyuka a hayin rafi da ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba, ga ƙofofi a layinmu da ba mu taɓa yin sallama ba, don muna tsoron a dawo hannu wofi a yi mana dariya. Za a dawo hannu wofi, ba sau ɗaya ba. Ubangiji bai ajiye albarkarsa duka a gindin itace ɗaya ba, amma sai wanda ya yarda ciyawa ta yanke shi yake ganin sauran.

Ku kuma samari da 'yan mata masu ɗokin birni, kada ku ce tsohuwa ta ba ku izinin guduwa. Mutumin nan bai yi sabon wuri ya manta tsohon ba. Ku tafi, Allah ya ba da sa'a. Amma gaisuwar iyaye da addu'ar safe, wannan shi ne jifanku ɗaya. Wanda ya daina, ranar da ya dawo zai tarar an ba wani wurinsa.

In kuwa ɗan'uwan da ya ci amanarka ya zo ya tsuguna, ka gafarta masa, ka cika masa kwano, ka nuna masa hanya. Amma ka karɓe ragar tukuna.