Kujerar Shey Tardzenyuy a Kan Filin Jirgi

Akwai wata matuƙiyar ƙaramin jirgin sama, Berinyuy, da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan kan duwatsu a ƙasar Nso. Filin jirgin ƙauyenmu gajere ne, ƙarshensa itatuwan turare ne, bayansu kwazazzabo. Shi ya sa duk mai shiga jirginta sai ya hau sikeli, shi da kayansa.

Wata Talata da ƙarfe bakwai na safe ta sauka don ɗaukar Kinyuy, wadda ta kwana biyu tana naƙuda, tare da mijinta. Akwai sauran kujera ɗaya. Sai ga Shey Tardzenyuy, mai sarauta, zai je taro a birni, yana son kujerar.

"Baba, bismillah, hau sikeli," in ji Berinyuy.

"Ni? Buhun dankali kika mai da ni? Ko ubanki bai isa ya auna ni ba."

"Baba, a kan dutse iska ba ta da kauri. Rana na ɗagawa iskar na ƙara sirancewa, jirgin ya rasa abin takawa. Yanzu akwai wurinka. An jima ban sani ba."

Sai ya sa aka dasa kujerarsa ta sarauta a tsakiyar filin, ya zauna. A wurinmu ba mai taɓa wannan kujera. Wai sai Berinyuy ta ba shi haƙuri a gaban jama'a.

Ta durƙusa ta ba shi. Ya ce bai ji ba. Kinyuy tana nishi a cikin jirgi, mijinta Wirsiy yana tafa hannu yana roƙo, dattijon nan yana ɓare goro! Awa uku cur, sai da dattawa suka sa baki ya tashi.

"To, kawo sikelin naki," ya ce, kamar mai yin alfarma.

Berinyuy ta duba ma'aunin zafi, ta sake lissafi a takardarta.

"Ba sai ka hau ba, Baba. Rana ta cinye kujerarka. Ta cinye ta Wirsiy ma."

Haka Wirsiy ya sauko yana hawaye, matarsa ta tafi ba kowa nata. Jirgin ya cinye filin kaf kafin ya ɗaga, tayoyinsa suka tsinko ganyen turare a idon kowa.

Kinyuy ta rayu, jaririyar ma ta rayu da ƙyar. Shey kuwa ya bi hanyar mota, ya kwana biyu a cikin laka, ya tarar taron ya watse. Da ya dawo, sai ya ga matan kasuwa sun ajiye masa sikelin dankali a ƙofar gida. Har yau in ya wuce, ba mai yi masa tafin gaisuwar da muke yi wa masu sarauta.

Darasi: Girman da zai tare hanyar mai neman rai ba girma ba ne. In mai sana'a ya ce ka hau sikeli, ka hau. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kujera.